Tsohon Magini Ya Sami Sababbin Kayan Aiki

Kowane akawu ya san wannan ɓacin rai. Ka gano kuskure a shafi na uku na littafin kuɗi, ka soke, ka rubuta adadin da ya ke daidai, amma ka manta ba ka gyara jimlar da ke shafin ƙarshe ba. Ran da mai binciken lissafi ya zo, sai a ga sama da ƙasa sun ƙi haɗuwa, ka wuni kana neman kuskuren da ka riga ka gyara tun jiya. To, irin wannan ɓacin rai ne ya haifi wata manhajar kwamfuta da a ke kira Make, a ƙasar Amurka, cikin shekarar 1976. Labarinta mu ke so mu ba masu karatu yau, da na gyare-gyaren da aka yi mata daga 2013 zuwa 2023, domin akwai abin lura a ciki ga duk wanda aikinsa ya shafi rubuta umarni don wani ya bi.

Yadda a ke gina manhaja

Da farko ya kamata mu san cewa kwamfuta ba ta jin rubutun da masu shirya manhaja ke yi. Su kan rubuta umarninsu da wani harshe da mutum zai iya karantawa, sa'an nan a miƙa shi ga wata manhaja mai aikin tafinta, ita kuwa ta juya shi zuwa lambobin da na'ura ke fahimta. Babbar manhaja kuwa ba a rubuta ta a fayil guda. A kan rarraba ta fayil-fayil, a fassara kowanne daban, daga baya a ɗinke su su zama abu ɗaya. Zuciyar tsarin Linux, wadda wayoyin Android ke aiki da ita, fayilolinta sun haura dubu hamsin. Wannan aiki na fassara da ɗinki shi masu sana'ar ke kira gini.

Wahalar ita ce, fayilolin nan sun dogara da juna, kamar yadda rufi ya dogara da azara, azara kuma ta dogara da bango. In ka taɓa guda, lalle ne a sake fassara shi, a kuma sake duk waɗanda su ka dogara da shi. In ka ce a sake kome daga tushe saboda gyaran harafi ɗaya, ka ɓata sa'o'i a banza. In kuwa ka ce za ka riƙe a ka waɗanda ya kamata a sake, wata rana za ka manta.

Asalin Make

Mantuwar nan ce ta sami wani masani mai suna Steve Johnson a Bell Labs, wata ma'aikatar bincike da ke jihar Niyu Jasi. Ya ɓata safiya guda yana neman kuskure cikin manhajar da ba ta da kuskure, ashe an gyara rubutun, fassara ce ba a sake ba. Ya shiga ofishin abokin aikinsa Stuart Feldman yana faɗa. Shi kuwa Feldman daren jiya abin ya same shi, saboda haka ya zauna a ƙarshen makon nan ya rubuta Make.

Dabararsa mai sauƙi ce. Mai manhaja zai rubuta wata takardar tsari da a ke kira Makefile. A cikinta, kowane abu da a ke so a samar a kan faɗi sunansa, a jera abubuwan da ya dogara da su, a rubuta umarnin da za a bi a yi shi. Sa'ad da aka ce Make ta yi gini, sai ta duba lokacin da aka taɓa kowane fayil na ƙarshe. In ta ga ɗaya daga kayan haɗi ya fi abin da aka haɗa sabunta, ta san an yi gyara ke nan, sai ta sake wannan da duk abin da ke bisansa, sauran kuwa ta ƙyale su. Ga akawu, kamar a ce kana da yaron da ba ya barci, ko wane shafi ka taɓa sai ya bi ya gyara kowace jimla da shafin ya shafa. Saboda wannan aiki ne ƙungiyar masana kwamfuta ta ACM ta ba Feldman lambar yabo ta shekarar 2003.

Akwai wani abin dariya da ya biyo ta har yau. Feldman ya sa doka cewa kowane layin umarni sai ya fara da alamar tazara ta maɓallin Tab, wadda ido ba ya iya bambanta ta da fili na kullum. Da ya ga abin yana rikita mutane, ya riga ya sami masu amfani da ita wajen goma sha biyu, bai so ya ɓata musu aiki ba, sai ya bari. Icen da ba a tanƙwara yana ɗanye ba ke nan, ga shi miliyoyin mutane sun gāje shi.

Daga baya Richard Stallman da Roland McGrath su ka rubuta tasu Make, wadda kowa ke da iznin ɗauka da gyarawa kyauta, a ƙarƙashin shirin GNU. Ita ce GNU Make, wadda a ke gina zuciyar Linux da ita, Paul Smith kuma ya karɓi kula da ita cikin shekarun 1990. Gyare-gyaren da za mu faɗa nata ne.

Hannu da yawa

A zamanin Feldman, kwamfuta kamar ofis ce mai akawu ɗaya, sai ta gama wannan ta kama wancan. Ta yanzu kuwa, ko ta ɗaukar hannu ce, tana da ƙwaƙwalwa huɗu ko takwas ko fiye, kowace tana iya aikinta a lokaci guda. GNU Make ta daɗe da sanin haka: in ka ba ta alamar -j da adadi, misali 8, sai ta raba aiki ga ma'aikata takwas. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ginin da kan ci sa'a guda ya kan ƙare cikin 'yan mintoci. Amma fa yawa yana zuwa da nasa rikici, kuma yawancin gyare-gyaren shekarun nan maganin rikicin ne.

Na farko, hayaniya. Ma'aikata takwas kowa yana ba da rahoto a lokaci guda, sai layin wannan ya shiga cikin na wancan, in an sami kuskure ba a san na wane ne ba. Fitowa ta 4.0, ta watan Oktoba 2013, ta kawo hanyar da za a riƙe rahoton kowane aiki har ya ƙare, sa'an nan a fito da shi dunƙule.

Na biyu, aiki ɗaya mai haifuwar abu biyu. Shi Steve Johnson ɗin nan ya shirya wata manhaja mai suna yacc, wadda kan iya fitar da fayil biyu a aiki guda. Dā in ka jera su biyun a ƙa'ida ɗaya, Make ta kan ɗauka ayyuka biyu ne, sai ta iya aiken ma'aikaci biyu, kowa yana rubutu bisa rubutun ɗan'uwansa, a ƙarshe a sami ɓatacce. Fitowa ta 4.3, ta watan Janairu 2020, ta kawo alamar &: wadda ke nuna cewa waɗannan tagwaye ne, aiki ɗaya ke samar da su, kada a maimaita.

Na uku, rabon aiki. Babban gini ya kan kasu sashi-sashi, kowane sashi da tasa Make ƙarama. Da kowace za ta ɗebi ma'aikata takwas, da kwamfuta ta durƙushe. Saboda haka babbar ta kan ajiye tikiti iyakar adadin da aka yarda, mai son fara aiki ya ɗauki guda, in ya gama ya mayar. Fitowa ta 4.4, ta ran 31 ga Oktoba 2022, ta sauya ma'ajiyar tikitin ta ba ta suna da adireshi cikin kwamfuta, yadda waɗansu manhajojin da ke taya gini za su same ta ba tare da wuya ba.

Birkita jeri don a gane gaskiya

Amma gyaran da ya fi cancanta a tsaya kansa shi ne wanda 4.4 ta kawo da sunan --shuffle, watau a birkita jeri. Ga dalilinsa. A ce mai manhaja ya jera ayyuka uku, na ɗaya da na biyu da na uku, alhali na uku ba ya yiwuwa sai na ɗaya ya ƙare, amma ya manta bai rubuta haka a takardar tsari ba. Muddin ma'aikaci ɗaya ne, ba abin da zai faru, domin Make tana bin jeri daga hagu zuwa dama, kullum na ɗaya zai riga na uku. Shekara goma ana gini lafiya, kowa yana tsammani takardar daidai ta ke. Ran da aka kai ta babbar kwamfuta aka raba aikin, sai na uku ya fara kafin na ɗaya ya gama, gini ya rushe. A sake gwadawa, ya yi kyau. A sake kuma, ya rushe. Ba ciwon da ya fi wahalar magani kamar wanda ke ɓuya in likita ya zo.

Malaman makaranta sun san irinsa. Yaro ya haddace jadawalin sau bakwai, in ya fara daga bakwai sau ɗaya sai ya zubo shi kamar ruwa. Tare shi ka ce, bakwai sau takwas nawa? Sai ya yi tsuru-tsuru. Jeri ne ya riƙe shi, lissafin bai zauna ba. Malamin kirki ya kan yi tambaya daga tsakiya, ko daga ƙarshe ya komo farko, don ya san abin da yaro ya sani.

Haka --shuffle ke yi. Tana ɗaukar ayyukan da takardar ta nuna ba ruwansu da juna, ta yamutsa jerinsu da gangan, ko ta juya shi daga ƙarshe zuwa farko. Duk dogaron da aka rubuta tana kiyaye shi, wanda ba a rubuta ba ne kaɗai asirinsa zai tonu. In gini ya rushe, ta kan faɗi lambar da ta yi yamutsin da ita, mai gyara ya ba ta lambar nan ta maimaita jerin daidai, har ya ga inda ɓarakar ta ke ya ɗinke. Kun ga, ciwon da dā sai ya ga dama ya ke fitowa, yanzu a na iya kiransa ya amsa.

Tare da ita aka kawo alamar .WAIT, ma'anarta a dakata. In an sa ta tsakanin ayyuka, na damanta ba za su fara ba sai na hagunta sun ƙare duka. Waɗansu irin Make, kamar ta tsarin BSD, sun daɗe da ita, ƙa'idar POSIX ta shekarar 2024 kuma ta shigar da ita cikin abin da a ke bukata ga kowace Make. An kuma gyara umarnin .NOTPARALLEL, wanda dā in an sa shi ya kan hana raba aiki a takardar gaba ɗaya, yanzu a na iya tsare shi ga sashin da ke da matsala kaɗai. A watan Fabrairu 2023 aka fitar da 4.4.1 don gyaran kurakuran da aka gano a 4.4.

Abin da bai gyaru ba

Kada mai karatu ya ɗauka an gama kome. Make da agogo ta ke aiki, ba ta duba abin da ke cikin fayil. In agogon wata kwamfuta ya yi gaba, ko aka taɓa fayil ba a sauya masa kome ba, sai ta ruɗe, ta yi aikin banza ko ta tsallake na wajibi. Wannan da waɗansu dalilai su ka sa aka yi mata kishiyoyi. Bazel, wadda kamfanin Google ya sake wa jama'a a 2015, abin da ke cikin fayil ta ke aunawa. Ninja, wadda Evan Martin ya shirya don gina Chrome, sauri ta sa gaba. CMake ta kamfanin Kitware kuwa, ita ta kan rubuta wa Make ko Ninja takardar tsari, mutum ya huta. Duk da haka ba a yar da tsohuwar ba, da tsohuwar zuma a kan yi magani, kuma masu kula da ita suna taka-tsantsan kada gyaran yau ya ɓata takardun da aka rubuta shekaru da yawa da su ka wuce.

Abin da mu ke so akawuna da malamai su riƙe shi ne wannan. A kowane ofis akwai aikin da ke tafiya daidai don kurum wane ya saba zuwa kafin wane, ko don tsohon akawu ya san abin da a ke fara yi, ba a taɓa rubutawa ba. Ran da aka ƙara ma'aikata, ko aka yi wa tsohon canjin wuri, ran nan a ke ganin ɓaraka. Masu Make sun zaɓi su tono tasu da hannunsu tun ba ta ba su kunya ba. Kai ma ɗauki takardar tsarin aikinka, miƙa wa sabon yaro wanda bai san al'adar ofis ba, ka ce ya bi abin da ke rubuce kaɗai. Duk inda ya tsaya yana tambaya, nan ne ka bar wani abu a ka, sai ka ɗauki alƙalami. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.