Lasifikar Masallaci Mai Ɗaukewa Tana Dawowa: Ina Cutar Take?

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo, masallatai da makarantun Islamiyya da yawa suna aiki da amfilifaya haɗin gida, wadda masu gyaran rediyo ke harhaɗawa. Tana da araha, tana da ƙara. Sai dai wani lokaci ladan na tsakiyar kiran salla sai murya ta ɗauke, can kuma ta dawo da kanta. Sau da yawa akan tara kuɗi a sayo sabuwa, alhali cutar tana hanyar da wuta ke bi ta shiga akwatin.

Abu na farko, a lura da lokacin da take ɗaukewa.

Idan sai ladan ya ɗaga murya take yankewa, batir ne ya yi sanyi, ko kuwa wayar ta cika siriri. Babbar murya ta fi jan wuta. Batirin mota cikakke yakan nuna bolt 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12, sai a kai shi caji. Masu sola su riƙa goge farantin, domin ƙurar hunturu na hana batir cika, shi ya sa asuba kan same shi a raunane.

Idan kuwa sai an taɓa akwatin ko an ja waya, to wani mahaɗi ne ya saki. A duba kawunan batir. In sun yi farin gari, a cire wayoyin, a wanke da ruwan zafi da 'yar kanwa, a bari su bushe, sannan a ɗaure tamau. A duba mazaunin fis, a kuma lanƙwasa waya a hankali, don takan tsinke a cikin robarta ba a gani ba.

Idan tana farawa lafiya, sai ta yi ɗumi ta ɗauke, galibi dalmar da aka liƙe kayan ciki da ita ce ta tsage. Zafin watan Afrilu a ƙasar Sakkwato yakan haura digiri 40, ƙarfe ya buɗe, mahaɗi ya rabu. Wannan aikin mai gyara ne. Zai ƙwanƙwasa kayan da busasshen tsinke har ya gano wurin, ya sake zuba dalma, ya canja kwandansar da ta kumbura.

Gargaɗi: kada a maye fis da zaren waya ko takardar kwalin taba, yin haka kan ƙone taransifoma, har ya jawo gobara. Wanda bai iya ba kada ya buɗe akwati mai aiki da wutar lantarki ko janareta. Bolt 230 na kisa, kuma kwandansa kan riƙe wuta ko bayan an zare soket.

Kwamitin masallaci ya sa mutum guda ya riƙa duba kayan nan duk wata, musamman gab da azumi, lokacin da jama'a ke dogara da kiran salla wajen sahur da buɗa baki. Allah ya sa mu dace.