Zaɓen Kyamarar Ɗaukar Hoton Tseren Motoci da Babura ga Ɗan Koyo

Gabatarwa

Tseren motoci ba baƙon abu ba ne a wannan yanki namu. Gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar, kafin a mayar da ita Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A Nijeriya kuwa, akan haɗa bikin kamun kifi na Argungu da gasar motoci. A bikin 2020 daga Abuja motocin suka tashi. Wannan muƙala za ta yi bayanin abubuwan da ya kamata ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi ya duba kafin ya zuba kuɗinsa a kyamara, domin kuɗin da aka daɗe ana tarawa ba na wasa ba ne.

Abin da ake nema a jikin kyamara

Masu sayarwa sun fi yin talla da yawan megafiksel. To amma ga abin da ke gudu, megafiksel 16 zuwa 24 sun wadatar. Abubuwa uku ne suka fi shi muhimmanci.

Na farko shi ne saurin ƙiftawa, wato tsawon lokacin da marufin kyamara ke buɗewa haske ya shiga. Idan ana son a tsayar da babur cak a hoto, sai a sa ƙiftawar a kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa.

Na biyu shi ne bin abu da saiti. Kyamarar kirki takan ci gaba da daidaita ganinta a kan motar da ke tahowa. Canon na kiran wannan tsari AI Servo, Nikon da Sony kuma AF-C.

Na uku shi ne yawan hotunan da take ɗauka a daƙiƙa guda. Canon 7D ta 2009 na ɗaukar 8, Nikon D7000 ta 2010 na ɗaukar 6, ita kuwa Sony a6000 ta 2014 tana kai 11. Duk tsofaffin yayi ne, shi ya sa na hannu ba su kai sababbi tsada ba, alhali aikinsu na nan.

Idon kyamara

Gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba shi ne idonta, kuma a nan ya kamata kaso mai tsoka na kuɗin ya tafi. Ƙaramin idon da kyamara kan zo da shi, mai milimita 18 zuwa 55, ba ya jawo nesa. Mai ɗaukar tsere yana bukatar mai 55 zuwa 250, ko 70 zuwa 300. Dalili kuwa shi ne tsaro: dogon ido na ba mutum damar tsayawa nesa da hanya. Kada a tsaya a bayan kwana, domin nan motar da ta ƙwace ke nufa. Babu hoton da ya kai rai daraja.

Sayen ta hannu

A Abuja, Banex Plaza da ke Wuse 2 na cikin wuraren da ake samun irin waɗannan kaya. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, don haka a bincika adadin ƙiftawar da kyamarar ta riga ta yi. An ƙera 7D da D7000 su jure kimanin 150,000. Wadda ta kusa wannan adadi ta tsufa. A haska fitila cikin idon a duba ko akwai fumfuna ko tsaga. A ɗauki hoton farar takarda don a ga ko ɗigo-ɗigon datti zai fito. A kuma tuna cewa 7D katin CF take ci, ba SD ba. Daga ƙarshe a ware kuɗin batir na biyu, saboda halin wutar lantarki.

Gwaji a gida

Ba sai an jira Argungu ba. Mazaunin Orozo yana da hanyar Nyanya zuwa Karshi, inda babura da Keke Napep ba sa yankewa. A nan ake koyon bin abu da kyamara: a rage ƙiftawa zuwa kashi ɗaya cikin 125, a bi babur da hannu daidai gudunsa, a danna ba tare da an tsaya ba. Babur zai fito tas, bayansa kuma ya zama zane-zane mai nuna gudu. A nemi izinin 'yan acaba tukuna, a kuma guji wuraren jami'an tsaro. Lokacin hunturu kada a canza ido a fili, don ƙura ita ce babbar abokiyar gabar kyamara.

Kammalawa

Daidai ruwa daidai tsaki: tsohuwar kyamara mai lafiya, da dogon ido, da yawan gwaji sun ishi ɗan koyo. Hannun da ya ƙware a kan babur ba zai sha wuya ba ranar hawan salla, lokacin da dawaki suka taso a sukwane.