Rashin Aikin Yi a Yola da Jimeta

Ɗalibi, idan ka tsaya a bakin titi a unguwar Bekaji da safe, za ka ga ma'aikata suna haramar tafiya ofis, masu Keke Napep suna kai fasinja kasuwar Jimeta, wasu matasa kuma suna zaune a majalisa. Wane ne mai aikin yi a cikinsu, wane ne ba shi da shi? Amsar ba ta da sauƙi kamar yadda kake zato.

Bari mu fara da tarihi. Yola ta zama babban birnin Jihar Gongola a 1976, sannan ta Jihar Adamawa a 1991. Tun daga lokacin, aikin gwamnati ne babban abin da masu ilimin boko suke sa rai da shi. Sai dai kowace shekara Jami'ar Modibbo Adama da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Yola suna yaye ɗalibai masu yawa, alhali guraben aiki ba sa ƙaruwa daidai da su. Manyan masana'antu kuwa kaɗan ne. Hatta kamfanin sukari na Savannah yana can yankin Numan ne.

Dalili na biyu shi ne ƙaura. A 2014, lokacin da Boko Haram ta mamaye Madagali da Michika da Mubi, dubban mutane suka yi gudun hijira zuwa Yola da Jimeta. Da yawansu manoma ne da 'yan kasuwa da suka baro gonaki da shagunansu. Ka ga ke nan masu neman abin yi sun ƙaru a birnin.

Yanzu mu dubi alƙaluma. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi a Nijeriya ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. A Adamawa kuwa ya kusa kashi 55, Jihar Imo ce kaɗai ta fi ta. Amma hukumar ta ce a farkon 2023 na ƙasa baki ɗaya kashi 4.1 ne kawai. Shin miliyoyin mutane ne suka sami aiki cikin shekara biyu? A'a, hanyar ƙirga ce ta sauya.

A da, duk wanda ba ya aikin awa 20 a mako, ana lissafa shi cikin marasa aiki. Yanzu kuwa, bisa tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na awa ɗaya ne a mako, mai aiki ne. Ɗauki misalin matashi mai digiri da yake taya yayansa tsaron shago ran Asabar kaɗai. A tsohon tsari ba shi da aiki, a sabo kuwa yana da shi, alhali abin da ke aljihunsa bai ƙaru ba. Irin wannan hali shi ake kira ƙarancin aiki, wato mutum yana aiki amma bai ishe shi ba.

Saboda haka, duk lokacin da ka ji an ambaci adadin marasa aiki, ka tambaya: yaushe aka ƙirga, wa aka ƙirga, kuma ta wace hanya? Sannan ka tuna cewa nan gaba kaɗan kai ma za a ƙirga da kai. Ka riƙe karatu da kyau, ka haɗa da sana'a, ko ɗinki, ko walda, ko gyaran waya, ko noman rani a bakin kogin Binuwai. Hausawa sun ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.