Marree: Zangon Raƙuma a Cikin Saharar Ostireliya

Idan aka bar birnin Adelaide aka nausa arewa tafiyar wuni guda a mota, za a iske Marree, wani ɗan ƙauye a Kudancin Ostireliya wanda mutanensa ba su kai 200 ba. Ƙasar jajawur ce, shimfiɗe kamar faifai, rana kuma ba ta sassauci. Daga nan hanyoyin Birdsville da Oodnadatta suka rabu, kowacce ta shige daji.

Ruwa ne ya kafa garin. Akwai maɓuɓɓugai a wurin da ƙabilun Arabana da Dieri suka daɗe da sani, kafin Turawa su zo su raɗa masa suna Hergott Springs. Sai lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da ƙyamar Jamusawa ta yi tsanani, aka koma kiransa Marree.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin masu raƙuma. A Marree layin dogo ya tsaya a shekarun 1880, daga nan aikinsu ke farawa. Galibinsu Musulmi ne daga Afganistan da Balocistan da Panjab, amma Turawa sun haɗa su duka suna ce musu "Afghan". Su ke ɗora wa ayari fulawa da shayi da waya da kwanon rufi, su yi makonni a hanya zuwa gidajen kiwo, su dawo da ulun tumaki. An ware musu unguwa a hayin dogo, nesa da ta Turawa. Can suka shuka dabino, suka gina masallacin ƙasa mai rufin ciyawa, wanda ake ɗauka shi ne na farko a Ostireliya. Dokar shige da fice ta 1901 ta toshe musu hanyar kawo iyali daga gida, don haka da yawa suka auri matan ƙabilun wurin. Gumin waɗannan bayin Allah ne ya raya dajin nan, amma an daɗe ba a ambaton su.

Da motocin ɗaukar kaya suka zo, sana'ar ta mutu, aka saki raƙuman suka bazu a daji. A 1980 jirgin ƙasa ma ya sauya hanya ta Tarcoola, mutane suka watse. Jikokin masu raƙuman da suka rage sun sake gina irin masallacin a garin, kuma akan yi tseren raƙuma da ke tara zuri'ar daga birane masu nisa.