Abin da Ya Ke Hana Mu Shiga Dandalin Musayar Littattafai

Tun da aka soma wannan zango, da wuya rana ta fito ta faɗi ba a tare ni a ƙofar laburare ko a ɗakin cin abinci ba, ana cewa, "Malam, duba mini, abin nan ya ƙi ni." Abin da su ke nufi shi ne dandalin nan na intanet inda yawancinmu mu ke rubuta sunayen littattafan da mu ke da su, mu ba da aro, mu karɓi aro, wani lokaci ma a yi kyauta. Ban fi kowa sanin kwamfuta ba. Dalilin da ya sa a ke zuwa wurina shi ne na riga kowa shan wannan wahala, har na yi hasarar littattafai 12 a kanta. Don haka na ga ya kamata in rubuta abin da na koya a mujallarmu, domin mai karatu ya huta, ni ma in riƙa samun cin tuwona da zafinsa.

Irin wannan dandali ya daɗe. A 2001 wani Ba'amurke mai suna Ron Hornbaker ya buɗe BookCrossing, inda mutum zai yi wa littafinsa rajista, a ba shi lamba, ya rubuta ta a cikin bango, sa'an nan ya ajiye littafin a tasha ko a kan benci don wani ya tsinta. In wanda ya tsinta ya shigar da lambar, sai a aika wa mai littafin da wasiƙar imel, a gaya masa inda littafinsa ya kai. A 2006 kuma John Buckman ya buɗe BookMooch, inda aka shirya cewa in ka aika wa wani littafi ta gidan waya sai a ba ka maki, da makin nan kai ma ka roƙi na wani. Ko wanne da tsarinsa, amma abu guda ya haɗa su duka: ba wanda ya san fuskarka a can. Adireshin imel ɗinka kaɗai suka sani. Kalmar sirri mabuɗi ce, gaskiya ne, amma akwatin imel shi ne gidan maƙerin da zai ƙera maka wani in na fari ya ɓace. Wanda ya manta hanyar gidan maƙerin nan, shi ne ya ke kwana a waje.

Ga yadda ta faru da ni. Bara, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, na sami aji huɗu a wata firamare ta ƙauye, yara fiye da 50, littafin karatu kuwa guda 3. Wata malama da ta yi ritaya ta sanar a dandalinmu cewa tana da guda 12, za ta ba wanda ya fara nema. Na nema, ta yarda, ta ce in aiko mata da sunan tashar da za a ba direba. A cikin makon nan wayata ta faɗa cikin bokitin wanki. Na ari ta hedimasta, na rubuta kalmar sirrina, aka ce ba ita ba ce. Na danna wurin waɗanda suka manta, aka ce an aika mini da wasiƙa. To, ina aka aika ta? Can adireshin da wani mai shagon intanet ya buɗe mini shekara 4 da suka wuce don rajistar jarrabawar JAMB, wanda ban taɓa riƙe kalmarsa ba, lambar wayar da aka ɗaura masa kuwa ta mai shagon ce. Malamar ta jira ni kwana 9, ta ga shiru, ta ba wani. Ban ga laifinta ba, ban kuwa ga na masu dandalin ba.

Sai daga baya na gane abin da ya sa aka ƙi kalmata a wayar hedimasta, kuma wannan ya shafe mu musamman, mu masu rubuta Hausa. A cikin kalmar akwai harafin ƙ. Wayarsa ba ta da haruffan Hausa, sai na sa k, ina cewa ai duk ɗaya ne. A wurin na'ura kuwa k da ƙ ba su da dangantaka ko kaɗan, kamar yadda ƙasa da kasa ba ɗaya ba ne a kunnen Bahaushe. Haka ɓ da ɗ. Ita ma 'yar alamar da mu ke sa wa 'ya'ya tana da iri-iri, wata miƙaƙƙiya, wata lanƙwasasshiya, a Nijar ma da harafin ƴ a ke rubutawa. Ido zai ga kamar abu guda, na'ura kuwa ta lissafta su daban. Ina ƙaunar haruffan nan, ina kuma jan kunnen yarana in sun bar su a insha'i, amma shawarata ita ce kada a sa su cikin kalmar sirri, gama ba ka san ranar da za ka bukaci shiga da na'urar wani ba.

In ba wannan ba ne, to, a duba manyan baƙaƙe da ƙanana, domin kalmar sirri tana bambanta su. Kwamfutar laburare sau da yawa akan bar maɓallinta na manyan baƙaƙe a kunne. Waya kuma tana da karambani: takan mai da harafin farko babba ba ka sa ta ba, ko ta ƙara fili a ƙarshen adireshi in ka zaɓi kalmar da ta nuna maka. Yawancin wuraren rubuta kalmar suna da ɗan hoton ido a gefe. Danna shi ka ga abin da ka rubuta da idonka, ka tabbata ba ka sa sifili a wurin O ba, ko 1 a wurin ƙaramin l. In ka gwada sau biyu ko uku abin ya ƙi, ka dakata. Dandali da yawa sukan kulle ƙofa na ɗan lokaci in sun ga ana ta kuskure, don suna tsammani ɓarawo ne, sa'an nan ko ka tuna kalmar daidai ba za ta yi aiki ba sai lokacin ya cika.

Wata ɗaliba 'yar ajinmu ta zo mini ido ya yi ja, ta ce an share mata littattafanta duka. Ba a share ko ɗaya ba. Da fari ta shiga ne ta maɓallin Google, watau ba ta taɓa yin kalmar sirri a dandalin ba. Da ta manta da haka, sai ta sake rajista da wani adireshin, ta tarar da kanta a sabon ɗaki ba kome a ciki. Muka fita, muka koma ta ƙofar farko, ga kayanta nan yadda ta bar su.

Yanzu sai batun wasiƙar da ta ƙi zuwa, wanda shi ne ya fi yawa. Da fari ka ba ta 'yan mintoci, gama ba kullum ta ke isowa nan take ba. In shiru, ka leƙa jakar tarkace, wadda a ke rubuta wa Spam. Kamfanonin imel suna da na'ura mai tace wasiƙu, wasiƙar da dandali ya aika wa dubban mutane da kalmomi iri ɗaya kuwa takan yi kama da talla, sai a jefa ta can. Gmail yakan share abin da ke cikin jakar nan bayan kwana 30, saboda haka kada ka yi sanyin jiki. In ka same ta, ka nuna cewa ba tarkace ba ce, ka kuma sa adireshin dandalin cikin jerin mutanenka. Wasu da hannunsu suka jawo wa kansu: sanarwa ta dame su, suka jefa ɗaya cikin tarkace don fushi, na'ura kuwa ta riƙe wannan, ta riƙa jefa sauran duka, har da ta sake kalmar sirri.

In ba ta can, sai ka tambayi kanka ko ka rubuta adireshin daidai ranar rajista. Adireshi kashi biyu ne, alamar @ ta raba su, tun daga 1971 da Ray Tomlinson ya zaɓe ta don wannan aiki. Abin da ke gabanta sunan akwatinka ne, abin da ke bayanta kuwa sunan gidan wayar. Wanda ya rubuta gmial a maimakon gmail, ko con a maimakon com, daidai ya ke da wanda ya sa wasiƙar Jos a motar Yola. Akwai kuma wani abu mai ruɗarwa: Gmail bai kula da ɗigo a cikin suna, da shi da babu duk akwati ɗaya za a kai, amma dandali yana iya ɗaukarsu adireshi biyu. Saboda haka yadda ka rubuta ranar farko, haka za ka riƙa rubutawa.

Akwati kuma yakan cika. Google yana ba ko wane mutum gigabait 15 kyauta, amma imel da hotuna da takardun da ka ajiye duk daga nan su ke ci. Mai tara bidiyon biki yakan cika wurin bai sani ba, in ya cika kuwa sabuwar wasiƙa ba ta shiga, sai ta koma wa mai ita. Wasu dandali in sun ga wasiƙunsu suna dawowa sai su daina aikowa har sai ka sake tabbatar da adireshinka. Akwatin da aka yi watsi da shi ma yana iya mutuwa: tun daga Disamba 2023 Google ya ba kansa ikon share wanda aka shekara 2 ba a taɓa ba. Haka nan layin waya. Layin da ya daɗe ba a aiki da shi akan karɓe a sayar wa wani, tun Disamba 2020 kuma gwamnati ta ce a haɗa ko wane layi da lambar NIN, har aka toshe waɗanda ba a haɗa ba a 2024. In layin da ke ɗaure da imel ɗinka ya tafi, lambar tabbatarwa wurin baƙo za ta je. 'Yan aji na ƙarshe su lura da wannan ma: adireshin da makaranta ta ba ɗalibi, a wurare da yawa akan rufe shi bayan ya gama.

To, a ce wasiƙar ta zo. A cikinta akwai layin da za ka danna don ka sa sabuwar kalma, amma ba ya daɗewa, wani sa'a guda, wani kwana guda. In don gaggawa ka nema sau biyar, wasiƙu biyar za su zo, galibi kuwa ta ƙarshe ce kaɗai mai rai. Mutane sukan buɗe ta fari, a ce musu ta mutu, su sake nema, su yi ta zagaye kamar jakin niƙa.

Wani lokaci kome daidai ne, ka shiga, amma da ka danna wani wuri sai a mai da kai bakin ƙofa. Wannan aikin kukis ne, watau 'yar shaidar da dandali ya ke ajiyewa a burauzarka don ya gane kai ne ka shigo ɗazu. In an hana ta zama, ko ta lalace, ba zai gane ka ba. Ka share na dandalin ka sake shiga, ko ka gwada wata burauza. A duba agogo kuma. Akwai wata tsohuwar kwamfuta a laburarenmu wadda in an ɗauke wuta sai ta farka tana cewa muna shekara goma baya, ta riƙa gargaɗi cewa ko wane shafi ba amintacce ba ne. Mun yi mako muna zagin intanet kafin Baba mai laburare ya ce mini, "Ɗana, kai da ka ke koyar da kwanan wata, dubi ƙasan allon nan." Da aka gyara kwanan wata, shi ke nan.

In duk wannan bai yi ba, sai a rubuta wa masu kula da dandalin. A yi da ladabi, gama da yawansu aikin sa kai su ke yi. Ka faɗi sunan da ka ke shiga da shi, da adireshin da ka yi rajista, da irin na'urarka, ka kuma kwafe ainihin maganar da ta fito a allo. "Ya ƙi" kaɗai ba ta isa a gane ciwo ba. Kalmar sirri kuwa kada ka sa ta a wasiƙa, ba mai aikin gaskiya da zai tambaye ka ita; wanda duk ya aiko yana nema, ko da tambarin dandalin ya zo, ɗan damfara ne. Kada kuma kalmar dandali ta zama ita ce ta imel ɗinka. A Oktoba 2024 aka sami labarin an kutsa cikin Internet Archive, masu Open Library inda wasunmu su ke aron littattafai, aka kwashe bayanan mutane wajen miliyan 31. Wanda ya ke da kalma guda a ko'ina, ranar nan sai da ya bi gidajensa duka yana sake kwado.

Ni dai masu kula da namu sun tambaye ni sunayen littattafan da na yi wa rajista da watan da na shiga, bayan mako biyu suka mai da mini da ɗakina a kan sabon adireshi, wanda na buɗe da hannuna, na ɗaura masa layina, na sa na yayata a matsayin na biyu. Da na yi wannan tun ƙofa tana buɗe, aikin minti biyar ne a wurin da a ke gyara bayanan mutum. Saboda haka Baba ya yarda mana da teburin da ke kusa da taga ko wace Alhamis bayan ƙarfe 4. Wanda bai tabbata da adireshin da ya yi rajista da shi ba, ko bai san layin da ke ɗaure da shi ba, ya zo da wayarsa mu duba tare kafin a fita gwajin koyarwa na bana.