Wankin Hoto a Ƙasar Zafi: Hikimar Sirka Magani da Ruwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin duhu na mai hoto a watan Afrilu ya san cewa abokin gabarsa ba haske kaɗai ba ne, har da zafi. Kamfanonin da ke yin fim ɗin baƙi-da-fari sun tsara lokutan wankinsa a kan digiri 20 na ma'aunin Salshiyas. A Kano ko Zinder kuwa, lokacin bazara, ruwan famfo kan wuce digiri 30. Matasan da suka koma ɗaukar hoto da fim, suna haɗa maganin wankinsa da hannunsu saboda na kanti ya yi wuya, nan ne sukan fara tuntuɓe.

Abin da maganin ke yi shi ne mayar da gishirin azurfar da haske ya taɓa a jikin fim ya zama baƙar azurfa, har dodon hoto ya bayyana. Zafi yana ƙara wa wannan aiki sauri. Ƙiyasin da masu sana'ar suka saba da shi shi ne, duk digiri ɗaya da ya ƙaru, a rage kusan kashi 10 cikin 100 na lokaci. Ke nan fim ɗin da ke buƙatar minti 8 a digiri 20, ba zai kai minti 4 ba a digiri 28. Matsalar ita ce, wankin da bai kai minti 5 ba ba ya kama fim bai ɗaya. Kafin a gama zuba magani a zubar da shi, wani sashe ya nuna, wani bai nuna ba. Hoton kuwa idan ya lalace, ya lalace ke nan. Ba a sake ɗaurin aure ko hawan Sallah don mai hoto ya gyara kuskurensa.

Mafita mafi sauƙi ita ce a sirka maganin da ruwa. Ɗauki haɗin da ake kira D-23, wanda Kodak ta fitar: giram 7.5 na sinadarin metol da giram 100 na sodiyam salfayit a cikin lita ɗaya ta ruwa. Idan aka haɗa awo ɗaya nasa da awo ɗaya, ko ma uku, na ruwa, ƙarfinsa zai ragu, lokacin wanki ya tsawaita, abin da zafi ya ƙwace a dawo da shi. Dabarar tsohuwa ce. Rodinal, maganin da ya fito a Jamus a 1891, har gobe ana sirka awo ɗaya nasa da awo 25, 50 ko 100 na ruwa.

Akwai wata riba da ta dace da ranarmu mai ƙarfi. Sirkakken magani yakan ƙare da wuri a wuraren da haske ya yi yawa, alhali yana ci gaba da aiki a wuraren inuwa, musamman idan ba a yawaita girgiza tankin ba. Ta haka ake samun aikin zaren farar babbar riga ya fito, fuskar mai ita kuma ba ta nutse cikin duhu ba.

Sai dai sirki yana da iyaka. Na farko, dole maganin da ke cikin ruwan ya ishi fim ɗin; in an ƙara ruwa, a ƙara girman tanki, kada a rage magani ya gaza. Na biyu, sirkakken magani sau ɗaya ake amfani da shi a zubar. Na uku, ruwa ba ya hana jelatin da ke riƙe da hoton kumbura da laushi cikin zafi, har farce ya iya kankare shi. Don haka ne aka daɗe ana ƙara sodiyam salfet, wanda dabam yake da salfayit, a magungunan da aka tsara wa ƙasashe masu zafi. Haka kuma, a tabbatar magani da ruwan ɗauraya zafinsu ɗaya; cire fim daga ruwan ƙanƙara a jefa shi cikin ruwan ɗumi yakan sa fuskarsa ta tsattsage kamar ƙasar fadama a rani. Ruwan randa da ya kwana, da aikin asuba, sun fi ƙanƙarar da za ta narke ana tsakiyar aiki.

Kada wani ya ce yanayinmu ne ya hana. A cikin zafin Bamako Seydou Keïta da Malick Sidibé suka wanke hotunan da manyan gidajen tarihi na duniya ke alfahari da su a yau. Abin da matashin mai hoto ke buƙata shi ne ma'aunin zafi, agogo, da littafin da zai rubuta sakamakon kowane gwaji. Ya fara gwadawa da fim ɗin da ba ya tsoron asararsa, kafin ya taɓa na amaryar mutane. Sannu ba ta hana zuwa.