Me Ke Kashe Batirin Mota Farat Ɗaya?

Da sanyin safiyar hunturu akan ga mota ta ƙi tashi a Kongo ko Tudun Wada, matasa suna turawa, mai ita yana rantsuwa jiya lafiya lau ya ajiye ta. Nan da nan sai a ɗora wa batir laifi. To, ruwa dai ba ya tsami banza, amma sau da yawa batirin ba shi ne tushen ciwon ba.

Wani masani mutumin Faransa, Gaston Planté, shi ya ƙirƙiro irin wannan batir a shekarar 1859. Na mota yana da ɗakuna 6, kowanne ɗauke da faya-fayan dalma nutse cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da lantarki mai ƙarfin bolt 2.1, wato jimla 12.6 ke nan. Yayin da batir ke ba da wuta, wani farin gishiri yakan taru a jikin faya-fayan. Da inji ya tashi, sai na'urar caji da ake kira altaneta ta narkar da shi. In aka bar batir ya daɗe babu caji, gishirin yakan sandare, ƙarfin batirin ya ragu har abada.

Yanayi ma yana da hannu. Zafi yana gaggauta haɗuwar sinadarai, sanyi kuma yana rage ta, shi ya sa ƙadangare ba ya kuzari sai ya sha hantsi. Zafin Maris da Afrilu yana ƙafar da ruwan batir, yana kuma cin faya-fayansa. Sanyin Disamba da Janairu kuwa yakan rage masa ƙarfi daidai lokacin da man inji ya yi kauri. Wato bazara ke yi masa rauni, hunturu ya tona asiri.

Saboda haka sai a bi matakai kamar yadda likita ke duba marar lafiya. Da farko a dubi kawunan batir. In sun yi sako-sako, ko farin gari ya lulluɓe su, wuta ba za ta wuce ba ko da batirin sabo ne. Na biyu, a kunna fitilun gaba a murɗa makulli. In suka dusashe ƙwarai, batir ya yi rauni. In haskensu bai sauya ba, a tuhumi kik ko wayoyinsa. Na uku, a sa mita inji yana kashe: 12.6 cikakken caji ne, 12.0 ya kusa ƙarewa, 10.5 kuwa alama ce ɗaki ɗaya ya lalace. Na huɗu, a sake aunawa inji yana aiki. Ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai ba, a duba altaneta da bel ɗinta. In duk waɗannan lafiya suke, a nemi abin da ke zuƙe wuta da dare, kamar fitilar but ko rediyon da aka haɗa ba daidai ba.

Kada a gwada batir ta hanyar haɗa kawunansa da waya don a ga tartsatsi, domin yana fitar da iskar haidirojin mai kamawa da wuta, har ya fashe asid ya watsu a ido. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwa kawai ake ƙarawa, ban da asid ko ruwan rijiya.

Wanda ya sayi sabon batir alhali altanetarsa ba ta caji, cikin 'yan kwanaki zai koma neman masu turi, ga kuma asarar kuɗi.